Abin da Halyna Ta Fizge

Ƙarfe tara na safiyar Laraba aka ɗauko rigar amarya a shagon ɗinkin Madam Doreen da ke Duluth a Amurka, sai aka ga wuyanta fayau. Furen zinariyar da ke ɗinke a wurin, gadon kakar amarya, ya yi ɓatan dabo.

Ko da Sajan Marlys Haugen ta iso, kurtun ɗan sandan da ya riga ta, Brent, har ya sa wa tela ankwa. Brent kuwa akwai rawar kai!

"An gama, Sajan," in ji shi. "Da bakinta ta ce *I ripped it off*. Mai guga ne ya tsegunta mini, na tambaye ta, ta maimaita."

A bakin mutanen nan, wannan magana na nufin na yi awon gaba da shi. Telar, Halyna Tkachuk, shekararta ɗaya da zuwa daga Yukiren, kuma tuhumar sata kaɗai ta isa ta lalata mata takardun zama.

Sajan ta fara da mai shago. "Jiya da rana ina kike?"

"Wajen likitan haƙori, 'yar nan. Dubi kumatuna."

Waya ɗaya ta tabbatar da haka. Saura mutum biyu, tela da mai guga.

"Brent, cire wa telar ankwa. Halyna, bar Turancin nan, nuna mini da hannu."

Halyna ta kama wuyan rigar, ta yi kamar mai fizgar abu. "Za a yi guga, zafi zai ɓata shi. Zaren ya tsufa, na ja, ya tsinke. Na sa shi a gwangwanin maɓallai."

Ga guntayen zare nan a wuyan rigar. Gwangwani kuwa ba komai sai maɓallai.

"Ke kaɗai kika ja?"

"A'a, Curtis ya riƙe mini rigar."

Sajan ta juya ga Curtis mai guga. "Malam, ina aka haife ka?"

"Nan Duluth mana."

"Ka riƙe rigar?"

"Na riƙe, amma ai ita ta ce..."

"Ta ce. Kalmar nan fuska biyu gare ta, fizgewa da sacewa. Ita a aji ta koyi Turanci, ta farkon kawai ta sani. Brent bai ga komai ba, ya ɗauki ta biyun don gaggawa. Kai kuwa ka san duka biyun tun kana rarrafe, kuma a gaban idonka aka fizge. Me ya sa ka kai wa ɗan sanda ma'anar da ka san ba ita ba ce?"

Curtis ya jawo filas ɗinsa ya rungume.

"Buɗe filas ɗin kofinka."

Ya ce kofin ya huce. Brent ya tuntsurar da shi a kwatami, wani abu ya faɗo ƙwal. Furen zinariyar ne. Wallahi har Madam Doreen sai da ta saki ajiyar zuciya.

"To takarduna fa?" in ji Halyna.

"Sunanki a wurin shaida kawai zai fito," in ji Sajan.

Halyna ta zauna daɓas a kan tarin yadi. Ta lalubo waya, ta kira tsohuwarta, tana kuka tana dariya.

"Mama, ɗora miya. A gida zan kwana."