Zanen da Baba Bai Ƙarasa Ba

"Moemoana! Yanzu har kin kai ki gan ni ki sauya hanya?"

Saura kaɗan kwandon gwazar da ke hannuna ya suɓuce. Ranar Juma'a ce, kasuwar Fagatogo, babbar kasuwar tsibirinmu, a cike maƙil, kuma babu wanda bai waiwayo ba. Yo ba dole ba? Penitito ne fa! Mutumin da ake rufe shaguna a ƙauyenmu in za a nuna wasansa a talabijin.

"Ban gan ka ba ne, Tito."

"Ni ɗin ne ba ki gani ba? Motar haya ma kauce mini take yi a hanya."

Dariya ta taso mini, amma ba ta kai ga fitowa ba. Wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta dube shi sama da ƙasa, ta tsayar da ido a kan dogon wandon da ya sa cikin wannan zafi, alhali kowane namiji a wurin lavalava, zanin maza, ya ɗaura. Ta ce da maƙwabciyarta, ba ta ko rage murya ba:

"Ashe pe'a mutu ya dawo."

Na ga yadda wuyansa ya sunkuya. Ƙaton da yake kayar da ƙattin Amurka, tsohuwar da ba ta da haƙori ta gama da shi da kalma biyu. A wurinmu babu zagin da ya kai wannan: namijin da ya kwanta aka fara masa pe'a, zanen tawada da ake bugawa a fata daga kwankwaso zuwa gwiwa, ya tashi ba a ƙarasa ba. Kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Kuma wanda ya fara masa zanen babana ne, Ioelu, tufugan yankinmu, wanda ya gaji sana'ar daga kakanninsa.

Na ja hannun Tito muka fita bakin teku, muka zauna a kan katangar siminti.

Tun muna sakandare muke soyayya. Shi ne ɗan tsakiyar masu tsaron baya a ƙwallon Amurka, wanda suke ce wa lainbaka, aikinsa ya karanci inda mai ƙwallo zai bi, ya tare shi ya maka shi da ƙasa. Ya yi jami'a a can da ƙarfin wannan wasa. Da lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa ya zo, kwana uku muna zaune gaban talabijin, aka kira sunaye sama da ɗari biyu, babu nasa. Ya dawo gida ya ce shi ke nan, zai yi pe'a, ya nemi aiki, ya aure ni.

Kwana goma sha biyu Baba ya yanka masa. A rana ta takwas, wayarsa tana hannuna don ni nake ajiye masa, aka kira daga wata ƙungiya. Ɗan wasansu ya karye, suna son ganin Tito cikin kwana biyu, in bai zo ba su kira wani.

"Shekara biyar, Moe," ya ce yana kallon ruwa. "Ƙungiya uku na yi wa wasa. An kore ni sau biyu, an farke mini kafaɗa sau ɗaya. Kin san abin da ya fi mini zafi?"

"Ka faɗa."

"Ɗakin sauya kaya. Kullum ni ne na ƙarshe a wanka. Suna tsokanata wai ina jin kunya kamar amarya. Rannan ina cikin bahon ƙanƙara bayan wasa, na tare mutum goma sha ɗaya a ranar, 'yan jarida suna jira na a waje, sai ga wani ɗan ƙasarmu da muke ƙungiya ɗaya. Ya ga cinyoyina, ɗaya baƙa, ɗaya rabi, gwiwoyi fayau..."

"Me ya ce?"

"Da ma ya zage ni! Tawul ya ɗauko ya rufe ni, ya fita. Har muka rabu bai ƙara haɗa ido da ni ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Na bar wasa, Moe. Na dawo ke nan. Gobe zan zo gaban Baba."

"Gobe?!"

"Na san har yanzu yana fushi, tunda na aika masa roƙo bai amsa ba. Amma ki gaya mini gaskiya, masoyiyata. Ranar da kika ba shi saƙona, me ya ce? Kullum na tambaye ki a waya sai ki ce in bar zancen."

Na ce gwazata za ta yi yaushi, na miƙe. Gwaza fa, wai za ta yi yaushi! Ƙaryar ma ta gaji da ni.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

A ranar da aka yi kiran, Tito bai so ya gudu ba. Ƙafafunsa a kumbure, tafiya ma da ƙyar, ya ce in kama shi mu je ya durƙusa gaban Baba ya nemi izini. Ni na hana shi. Na ce Baba ba zai yarda ba, zai tara dattawa a yi ta magana har jirgi ya tashi. Na ce ya tafi, fata ba ta gudu, ni zan isar da roƙonsa kalma da kalma. A a-kori-kurar Baba ma na kai shi filin jirgi.

Da na dawo na tarar da Baba zaune a kan tabarma, ya jera kayan aikinsa, dangin Tito sun kewaye shi suna jiran a fara. Ya ɗago ya ce, "Ina yaron nan?"

Na dubi fuskarsa, gabana ya faɗi. Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Shi ke nan. Kalma uku, na ce gobe zan gyara, goben ta zama shekara biyar. Gari ya ɗauka Tito ya tsere wa zafi ne ya fake da ƙwallo. Mahaifiyarsa ta daina zama a sahun gaba a coci. Baba kuwa ya rantse muddin yana numfashi babu ni babu matsoraci. Ni da na san gaskiya ina zaune ina dafa musu shayin koko, ana zaginsa ina zuba sukari.

Washegari da hantsi suka iso, shi da mahaifiyarsa, ɗauke da lallausar tabarmar girmamawa. Baba yana zaune jikin ginshiƙin fale ɗinmu, wato rumfar taron gida, 'yan uwa sun cika wurin, maƙwabta kuma kowa ya ƙirƙiro dalilin yin shara kusa da gidanmu. Ni ina baya wurin kofuna.

Tito ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, kansa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, na zo a ƙarasa mini."

"A ƙarasa me?" in ji Baba. "Ni na san ka?"

"Baba..."

"Kada ka ce mini Baba! Shekara arba'in ina riƙe da sandar zanen nan. Na zana masunta, na zana malaman makaranta, na zana wani ramamme da iska take ɗauka. Sun yi kuka, wani har ya suma, amma babu wanda ya tashi. Sai kai, mai hular kwano! Kana yawo da aikina rabi a duniya kamar gidan da ba a yi wa jinka ba."

Wani daga waje ya tuntsire da dariya. Tito bai motsa ba.

"Ba tafiyar ce ta ƙona mini rai ba," Baba ya ci gaba. "Ni ma uba ne, na san abin da ake nufi da arziki ya kira yaro. Da ka zo ka ce, tufuga, ga abin da ya taso, da na sa maka albarka na ce ka dawo in an tashi wasa. Amma ka fice kamar ɓarawo. Ko sallama! Ko aike!"

Tito ya ɗago a firgice.

"Ko aike...?"

Idonsa ya zagaya ya same ni. Na ga lokacin da ya gane, na gan shi ƙuru-ƙuru. Na jira ya nuna ni da yatsa, don wallahi da ya yi da bai zalunce ni ba.

Sai ya mayar da kansa ƙasa.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ban aiko ba. Laifina ne ni kaɗai."

Wayyo Allah! Da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

"To tashi ka ba ni wuri," in ji Baba. "Hannuna ba zai ƙara taɓa ka ba. 'Yata kuma ka cire ta daga ranka."

Ban san lokacin da na ture kofunan ba. Na rarrafo har tsakiyar fale, inda ba a saba ganin 'ya mace ta yi magana ba a irin wannan zama.

"Baba, ya aiko."

"Moe, yi shiru!" Tito ya ce.

"Ba zan yi ba! Na yi shirun shekara biyar, ya isa. Baba, ya roƙe ni in kawo shi gabanku, na hana. Ni na kai shi jirgi, a motarku. Ya ba ni saƙo, ya ce in ce muku yana durƙushe yana neman gafara, zai dawo ya kwanta muku a ƙarasa. Da kuka tambaye ni na ji tsoro, na ce ban sani ba..."

Kuka ya ci ƙarfina. Masu shara suka tsaya cak da tsintsiyoyinsu. Mahaifiyar Tito ta dube ni, kallon da har in mutu ba zan manta ba, babu zagi a ciki, kuma shi ya sa ya fi ciwo.

Baba ya juyo gare ni.

"Ke?" ya ce a hankali. "A gabanki nake zagin yaron nan safe da yamma. Ke kike miƙo mini ruwa in na gaji da zagin."

"Ni ce, Baba."

Ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Ban taɓa ganin babana cikin kunya ba sai ranar, kuma ni na jawo masa. Da ya sauke hannun, mahaifiyar Tito ya fara fuskanta, ya sunkuyar da furfurarsa gabanta.

"Ki yafe wa gidana."

Sannan ya ce da Tito, "Litinin da safe. Amma ka san al'ada, ba a kwanciya pe'a mutum ɗaya, sai da abokin shan zafi. Wanda kuka fara tare ya gama tun tuni. Duba nan, wa zai yarda ya kwanta kusa da kai?"

Samarin danginmu kowa ya shiga kallon rufin ɗaki.

"Ni," na ce.

"Ke da allurar asibiti take sa ki ihu?"

"A yi mini malu, Baba. Zanen mata ai zane ne. Ni na tayar da shi daga tabarmar nan, ni zan mayar da shi."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Na ji." Daga nan har Litinin bai ƙara ce mini ko sannu ba.

Masu cewa malu bai kai pe'a zafi ba, Allah ya haɗa su da shi. Da Baba ya ɗora matsefin haƙorin da yake huda fata da shi a bayan gwiwata ya buga sanda, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai da na ga taurari da rana tsaka. Mata suna waƙa suna mini fifita. Tito yana kwance a tabarmar gefe yana jiran nasa bugun, ya miƙo hannu na damƙe.

"Ka tsane ni ko?" na ce ina haki.

"Na yi niyya, sai na ga ba ni da lokaci."

"Tito, da gaske nake!"

"Na ji haushi, Moe, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kwana biyu ban ci abinci ba, ni da kika sani da tukunya. Amma ban yi shekara biyar ina karo da ƙatti don in dawo in rasa ki ba, abar ƙaunata. Matse hannun, ba zai karye ba."

Na matse. Daga baya ya ce ya fasa, zai iya karyewa.

Nawa kwana biyu ya ɗauka, nasa shida, don sai da Baba ya sake bin tsofaffin layuka. Ranar gwiwoyi Tito ya ciji tawul har ya huda, gumi yana zuba kamar an kwara masa ruwa, amma bai ce a dakata ba. A rana ta ƙarshe aka buga masa na cibiya, wanda shi ne rufin aiki. Mahaifiyarsa ta rangaɗa guɗa ta faɗi tana kuka.

Duk kwanakin nan Baba bai kira sunana ba. In zai yi magana sai ya ce, "A ce wa waccan ta gyara ƙafa."

Ranar biki ƙauye ya taru. Aka shafe mu da man kwakwa da kurkum, muka zauna gefe da gefe. Tito ya naɗe lavalava ɗinsa sama, karo na farko cikin shekara biyar rana ta ga gwiwoyinsa. Baba ya fasa ƙwai a kansa kamar yadda ake yi, ya ce, "Wannan aikina ne, kuma ya cika. Duk wanda ya sake kiransa da wancan suna, da ni yake."

Sai ya matso gabana da ƙwai na biyu. Na sunkuyar da kai, ina kallon yatsun ƙafarsa. Na ji sanyin ƙwan ya gangaro mini a goshi, hannunsa kuma bai ɗaga ba, ya tsaya a kaina.

"Wannan ta yi mini ƙarya," ya ce da ƙarfi, kowa yana ji. "Na buga mata da hannuna, ban sassauta ba, ina jira ta ce in tsaya. Ba ta ce ba."

Ya kamo hannuna ya sa cikin na Tito.

"Ɗago kanki, Moemoana. Ya isa haka, 'yata."