Yaren Tagwaye

Tagwayen Inna, Hasan da Husaini, sun ƙirƙiri yarensu tun suna yara. Kalmominsa ba su fi talatin ba, na ruwa da wuta da kifi da makamantansu, amma sun hana ƙanensu Gambo. In ya tambaya sai su yi masa dariya. Ɗaya tak ya tsinta da kunnensa: "yanu", wato zo.

Da ruwa ya ci Hasan, shekara goma ke nan, yaren ya bi shi.

Ran nan bayan isha'i Gambo ya gangara bakin ruwan Wara zai ɗaure jirginsa, sai ya jiyo Husaini yana zuba yaren nan, wani yana amsa masa, suna dariya. Gambo ya matsa kusa. Ashe bare ya fi shi, shi da suka sha nono ɗaya?

"Wa ka koya ma?" in ji Gambo. "Shekara nawa ina roƙonku?"

Husaini bai ɗago ba. "Ban koya ma kowa ba. Koma gida."

Baƙon yana zaune a gefen jirgi, ya ba Gambo baya. Jirgin ko karkata bai yi ba. Kwaɗi sun yi tsit. Ruwa yana ta ɗiga daga rigar baƙon, yana warin laka.

Ya juyo a hankali. Fuskar Husaini ce sak, sai dai babu furfura ko ɗaya.

"Yanu," ya ce, ya miƙo hannu.

Ba a taɓa yi wa Gambo magana da yaren ba sai yau. Kafin ya ankara, ƙafarsa tana cikin ruwa.