Inda Jirgi Ke Kwana

"Na riga na sa hannu, Taswira."

Ta ɗago kai daga kofin shayin da ya huce a gabanta. Suna zaune a ɗan kantin ma'aikata da ke bayan zauren matafiya, wurin da gilashinsa ke kallon titin jirage. Jiya Injiniya ya iso tare da tawagar kamfaninsu, bayan sun canja jirgi a hanya sun sha zaman jira, amma babu alamar gajiya a fuskarsa. Murmushi yake irin na wanda ya ɓoye tsaraba a bayansa.

Ya yi mata bayani cikin zumuɗi. Kamfanin ya sayo sabon jirgi, kuma ƙa'idarsu ce duk garin da jirgi ke kwana sai an ajiye injiniya mazauni da zai duba shi kafin ya tashi da asuba. Shi kuwa bai jira an tsayar da gari ba, ya karɓi muƙamin. Duk inda jirgin nan zai riƙa kwana, can zai zauna tsawon shekaru, babu janyewa.

"Garinku ne ko wancan garin ma'adinai na can ƙarshen ƙasa," ya ce yana dariya. "Wa zai tsaya tunani alhali ke ce mai magana a taron da za a tsayar da garin? Har Inna na ce ta fara ɗaure kaya."

Ta ture kofin shayin gefe.

Shi ya raɗa mata sunan Taswira tun ranar da jirginsu ya samu matsala ya sauka a nan ba shiri, ya tarar da ita tsugune a ƙasan ofis ta shimfiɗa taswira tana jan layi da jan biro daga garinsu zuwa garuruwan da take mafarkin a haɗa su. Aikinta ke nan. Garin yana ta faɗi, unguwanni na cinye gonaki, ga masana'antu ga jami'a, amma filin jirginsu hanya biyu tak yake da ita. An ɗauke ta ne don ta shawo kan kamfanoni su buɗe sababbi.

Tun daga ranar soyayyarsu ta zama ta waya. Shi ba zai bar Inna ba, idonta ya tafi kuma shi kaɗai ta haifa. Ita ba za ta bar Baba ba, da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya karɓar cokali sai daga hannunta. Sai suka jingina komai a kan abu ɗaya: ranar da jirgin kamfaninsu ya fara kwana a garin nan, zai taho da Inna, kawunnansa su zo neman aure.

"Masoyi... me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Bazata ake tambaya?"

"Jirgin asuba ba zai cika a garin nan ba."

Murmushin ya tsaya a leɓensa. Ta faɗa masa abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Watanni ta yi tana zama da matafiya a zaure da tashar mota tana jin ta bakinsu. Yawancinsu daga garuruwan kewaye suke tahowa, ba za su iso kafin asuba ba sai sun kwana a hanya. Masu wucewa ƙasashen waje kuwa jiragen yamma suke nema a babban birni. Abin da zai cika shi ne jirgin da zai sauka da tsakar rana, ya sauke, ya ɗauka, ya juya. Irin wannan ba ya kwana.

Ya tura kujera baya a hankali.

"Ba ƙarya na ce ki yi ba, rabin raina. Ki yi shiru kawai. Manajanku ma kwana yake so."

A ɗakin taro Manaja ya baje kolinsa. Ya nuna hotunan sababbin unguwanni, ya yi maganar fitilun titin jirgi da aka sabunta, ya yi alkawarin rangwamen kuɗin sauka a shekarar farko. Ya ce garin da jirgi ke kwana shi ne gari, saura zango ne. Aka yi dariya. Injiniya yana can ƙarshen tebur yana juya biro tsakanin yatsunsa, bai ɗago ba.

Shugabar tawagar, wata dattijuwa mai tabarau, ta bari ya gama tsaf sannan ta juyo ga Taswira.

"Ke aka ce kin zauna da matafiyan. Ba hotuna nake so ba, 'yata. Asuba ko rana, wanne zai cika?"

Abin da ya zo mata ba fuskar Injiniya ba ce, Baba ne. Tana sakandare lokacin da wani kamfani ya buɗe jirgin asuba a nan, aka yi ta murna, kujeru suka riƙa tafiya wayam, kafin shekara ya tattara ya tafi. Aka sallami masu lodin kaya, Baba shi ne shugabansu. Ta tuna ranar da ya shigo gida riƙe da rigar aikinsa a naɗe, ya zauna bakin gado bai cire takalmi ba. Bai daɗe ba ya faɗi. Kamfanoni kuwa suna jin labarin juna. Magana ta bazu cewa garin nan ba ya cika jirgi, aka yi shekaru babu mai leƙo su.

Yanzu ga matasa an fara horarwa don sabuwar hanyar. Ga Yayanta da ya sa ran tasi ɗinsa za ta daina wuni a inuwa.

"Rana, ranki ya daɗe," ta ce. Muryarta ta fito kamar ta aro. "Idan kuka kawo na asuba, ba za ku kai shekara ba."

Biron Injiniya ya faɗi ƙasa. Bai ɗauka ba.

Dattijuwar ta gyaɗa kai ta ce abin da suke zargi ke nan, kuma saboda wannan amsar za su buɗe hanyar. Jirgin zai zo da rana, ya koma babban birni, da yamma ya wuce garin ma'adinai ya kwana. Manaja ya ɗan ɓata rai, sai kuma ya tuna ya samu hanya, ya hau tafi.

A bakin wurin karɓar kaya ta cim masa, inda bel ɗin da ke kawo jakunkuna yake tsaye babu komai a kansa.

"Kalma ɗaya ce, Taswira. Ɗaya."

"Da an rufe hanyar cikin watanni, kai ma a ɗauke ka..."

"A watannin ai da an ɗaura aure! Da na ga wanda zai raba mu."

"Gidajen da za a sallama fa? Na ga irin wannan da idona, a gidanmu aka yi."

Ya dafe kai. Da ya sake magana muryarsa ta yi laushi, ita ce ma ta fi ƙona ta.

"To ki zo mu tafi can tare."

"Baba fa?"

"Mu tafi da shi."

"Garin da likitansa babu? Kai ka bar aikin ka dawo nan mana."

"In ciyar da Inna da me?"

Daga garin ma'adinai zuwa nan babu jirgi sai wannan da zai sauka ya juya nan take, aikinsa kuwa na kowane dare ne. Kowa a cikinsu ya san haka, don sana'arsu ce.

Yaya ne ya kai wa Baba labarin, don shi cikinsa ba ya riƙe magana. Da ta zo ba shi abincin rana, Baba ya kau da kai daga cokalin. Da bakinsa da ya karkace ya harhaɗa kalmomin da ƙyar.

"Uwata... ki bi shi. Ni na gama tawa."

Yaya ya ce ƙwarai, shi zai ɗauke Baba ya koma da shi gidansa. Ta tambaye shi a ina zai sa shi, a kan yaran ko a ƙarƙashinsu, tunda ɗaki ɗaya ne. Ta tuna masa ranar da ta bar masa Baba na wuni guda ya ba shi maganin safe da la'asar. Yaya ya sosa ƙeya ya ce ai dai an sha. Har Baba ya yi ɗan sautin da ya rage masa na dariya, sai hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ba ya motsi. Ta goge masa da bakin mayafinta, ta sake miƙa cokalin. Wannan karon ya karɓa.

Ranar da jirgin ya fara sauka, motocin kashe gobara biyu suka tsaya gefe da gefe suka harba ruwa sama, ya ratsa ta ƙarƙashi yana sheƙi. Yaya ya turo Baba a keken guragu har jikin gilashi, sanye da tsohuwar rigar aikinsa da ya dage sai an sa masa. A zaure layi har ƙofa: mata masu fatauci, ɗalibai, wani tsoho da jikarsa ke riƙe da takardun asibiti.

Injiniya ya biyo jirgin, ranar farko ce aka ce ya raka shi. Tana tsaye gindin matakala da rigar ma'aikata mai ƙyalli, tana kallonsa yana zagaya tayoyi, yana leƙa ƙarƙashin fiffike. Ya rame. Sai da ya gama aikinsa ya ƙaraso, a lokacin an fara hawa.

"Ya cika," ya ce.

"Ya cika."

"Kin yi gaskiya. Shi ya fi min ciwo, na rasa ta inda zan ji haushinki."

Ya ce Inna na gaishe ta, ta yi kuka sosai. Ya ce ya faɗa wa kawunnansa su ajiye maganar, don ba zai ɗaure ta da jiran da shi kansa bai san ƙarshensa ba. Ta so ta ce za ta jira, sai ta waiga ta hango Baba a bayan gilashi yana ƙoƙarin ɗaga hannunsa mai lafiya ga masu lodin kaya, ta fasa.

Ma'aikaciyar jirgi ta leƙo daga ƙofa ta yi masa alama da agogo.

Ya ɗora tafinsa a jikin jirgin, kamar mai shafa kan yaro.

"Ki kula min da shi da rana, Taswira. Ni zan kula da shi da dare."

Ya hau bai waiwayo ba, ita ma ta gode da bai waiwayo ba. Aka janye matakala. Ta tsaya har jirgin ya zama ɗigo a sama, hawaye na zuba tana barinsu, don ƙarar injin ta rufe kukan.

Har yau duk tsakar rana takan bar ofis ta sauko. Masu lodi sun saba, sukan matsa mata ba tare da sun tambaya ba. Takan ɗora tafinta daidai wurin nan kusa da ƙofa, ƙarfen da ɗumin rana a jikinsa, na ɗan lokaci kaɗan. Sannan ta koma ciki ta haɗa jakarta, don lokacin maganin Baba ya yi.