Man Shafawa a Cibiyar Jariri

Wata yarinya 'yar aji huɗu ta yi ƙane. Tun ranar da Mama ta dawo daga asibiti da jariri, kowa a gidan ya koma kiranta Yaya Babba. Sunan ya yi mata daɗi ƙwarai.

Mama ta kafa doka. "Duk mai son ɗaukarsa ya wanke hannu da sabulu tukuna. Cibiyarsa kuwa, ba mai taɓawa sai ni."

"Har Baba?" in ji yarinyar.

"Har Babanku."

Baba ya yi dariya, ya nufi bakin famfo.

Rana ta huɗu, Mama ta shiga wanka, ta bar jaririn a kan gado. Yaya Babba ta gama share tsakar gida ke nan, sai ta leƙa ɗaki. Zanen da aka lulluɓe shi ya zame. Ta ga cibiyar ta bushe, ta yi baƙi.

"Allah sarki, ai za ta tsage," ta ce a ranta.

Ta lakato man shafawarta da yatsa, ta shafa masa. Ba ta ko tuna da sabulu ba.

Bayan kwana biyu, gefen cibiyar ya yi ja. Jikin jaririn ya yi zafi, ya ƙi kama nono. Nan da nan Mama ta ɗauke shi suka tafi asibiti, yarinyar na riƙe da jaka.

Nas ta duba cibiyar da kyau. "An sa mata wani abu ne?"

"Maganin da kuka ba ni kawai," in ji Mama.

Yaya Babba ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Mama. Na shafa masa maina. Kuma ban wanke hannu ba."

Mama ta dube ta. Hawaye ya zubo wa yarinyar.

Nas ta dafa kafaɗar yarinyar. "Gara da kika faɗa, 'yata. Cibiyar jariri kamar ciwo ce da bai warke ba. Akwai ƙwayoyin cuta a hannu da ido ba ya gani. Ta nan suke shiga. Bushewar da kika gani, alamar warkewa ce."

Aka kwantar da jaririn, ana yi masa allura. Kullum Baba yakan kai Yaya Babba ta gan shi bayan an tashi daga makaranta. Da sati ya zagayo, aka sallame su. Jaririn yana shan nono har da tsotson hannu.

A gida, yarinyar ta wanke hannunta har gwiwar hannu. Mama ta ɗora mata shi a cinya.

"Me kika koya?"

"In wanke hannu kafin in taɓa jariri. In na ga abin da ban gane ba, in tambayi manya."

"Madalla," in ji Mama. "To tallafe masa kai, ya fara barci."