Lasifikar Ƙofar Yamma

Mujtaba ya fara naɗe wayoyi ke nan, rana ta yi ja a bayan bagaruwar bakin kogi, sai ya ji ana buga langa-langar rumfarsa da ƙarfi.

Wasan ranar ya ja lokaci. 'Yan ƙauyensu da baƙi daga Suki sun tashi babu ci, aka je bugun fenareti, aka yi ta yi kamar ba za a gama ba, a ƙarshe baƙi suka tafi da nasara. Jama'a na fita da haushi ta ƙofar gabas, ƙura ta tashi, ana ture-ture ana zagin gola da iyayensa.

Shi Mujtaba ba ruwansa da wanda ya ci. Aikinsa lasifika. Tun bara, da aka matse mutane a bakin ƙofa har wani dattijo ya karye a haƙarƙari, kwamitin fili ya shiga taitayinsa. Aka kafa lasifika a kowace kusurwa, aka raba wa masu gadi oba-oba, aka fasa katanga ta yamma aka yi ƙofar gudun ko-ta-kwana. Doka ce ba a sa mata kwaɗo sai filin ya watse, sakata kawai ake turawa. Bayanta babu komai sai kurmin bagaruwa da gangaren da ke sauka kogi. Lasifikar da ke kan turken wannan ƙofa kuwa tun damina iska ta tsinke mata waya. Mujtaba ya gaji da faɗa wa kwamiti, kwamiti ya gaji da ce masa in sha Allahu.

Ya buɗe rumfar. Yayarsa ce Ramatu, mai sayar da shayi da gyaɗa a bakin fili. Mayafinta ya zame, hannunta duk toka, tana haki.

"Mujtaba, yarinyar nan. Ban gan ta ba."

"Yaushe rabonki da ita, Yaya?"

"Tana zamne gindin murhu. Na juya in miƙa ma wani shayi, shi ke nan, babu ta."

Yarinyar nan ita ce Sabah, 'yar shekara shida, 'yar farin Ramatu, kuma har yau ita kaɗai Allah ya ba ta. Ramatu irin matan zamanin da ce. 'Yan matan yanzu suna kiran 'ya'yansu na fari gatsal a gaban surukai, ita kuwa tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunan ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Mujtaba ya sha tsokanarta cewa ranar da za ta kai ƙarar ɓatan 'yar wurin hukuma, sai dai ta zana ta a ƙasa. Yau abin bai ba shi dariya ba.

Ya ɗauki oba-oba ya danna.

"Baba Zaharaddini, kana ji na? Ɗiyar Ramatu ta ɓace. A duba duk yaron da zai fita."

Na'urar ta yi shuuu, sannan muryar tsohon ta fito. Shi ne mai tsaron ƙofar yamma, amma da turmutsitsi ya yi yawa an janye shi zuwa gabas ya taya su.

"Na jiya. Muna dubawa."

Mujtaba ya mayar da wayar da ya cire, ya hura makirufo, ya yi sanarwa da Larabci saboda baƙi, ya sake da Hausa.

"Sabah, ɗiyar Ramatu mai shayi. Sabah, ki zo rumfar lasifika, innarki na nemanki. Sabah!"

Sunan ya bugi katanga ya dawo, ya haye kan bagaruwa ya gangara kogi. Oba-oba ta yi ƙara nan take.

"Kai yaro!" Muryar tsohon ta yi ƙasa sosai. "Rana ta hwaɗi. Wa ya ce maka ana kiran sunan ɗiya da ƙarhi a wanga lokaci? Hwaɗi kalar rigatta, bar sunan."

Mujtaba ya san wannan magana, da ita aka raine shi. Amma yaran da ya mayar wa iyayensu da makirufon nan ba su ƙirguwa, kuma tsarin kwamiti ya ce a kira suna. Ya ja tsaki, ya ƙara kira. Sannan ya miƙa wa yayarsa makirufon.

"Yaya, ki kira ta da kanki. In ta ji muryarki za ta fito."

Ramatu ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta garwashi. Ta buɗe baki. Ya ga harshenta ya ɗauko harafin farko ya ajiye. Abin da ya fita ta lasifika shi ne, "Ke... ke, taho nan."

Ta miƙa masa abinsa, ta rufe fuska da mayafi.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin ƙauye. Ba a barin lasifikar fili a kunne ana kiran salla, don haka Mujtaba ya kashe akwatin sauti, ya cire wayar makirufo, ya leƙa bayan rumfa ya kashe janareta. Fitilu suka mutu. Filin ya yi tsit, saura ƙura da ledoji da ɓawon gyaɗa. Hayaniyar ƙofar gabas ta yi nisa.

Wani wari ya shigo rumfar. Warin laka ce ta ƙasan kogi, irin wadda ake haƙowa baƙa ƙirin, haɗe da ƙarnin kifi. Iska ba ta kaɗawa.

Sai lasifika ta yi tari, irin wanda take yi in an taɓa makirufo.

Mujtaba ya dubi hannunsa. Makirufon yana kan tebur, wayarsa a cire.

"Sabah."

Muryar Ramatu ce. Ba kama ba, ita ce, har da 'yar dusashewar da hayaƙin gawayi ya sa mata. Daga yamma take fitowa, daga lasifikar da ba ta da waya. Kuma akwai wani taushi a cikinta da Mujtaba bai taɓa ji a bakin yayarsa ba.

Ya juya a hankali. Ramatu na tsaye kusa da shi, bakinta a rufe gam, idanunta sun fito waje.

"Sabah, ɗiyata. Taho gun Inna."

A can ƙarshen fili, ƙarƙashin bencin 'yan kallo, wani ɗan abu ya motsa. Yarinya ce cikin riga ruwan ɗorawa, ta rarrafo ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. Ashe tsoron turmutsitsi ne ya sa ta ɓuya. Ta ji kiran kawunta ba ta fito ba. Ta ji "ke" ba ta fito ba. Yanzu ta fito, ta ɗaga kai sama wajen turken, ta nufi ƙofar yamma da ɗan gudunta.

Ƙofar a buɗe take.

Mujtaba bai san lokacin da ya tsallake tebur ba. Takalminsa ɗaya ya fita, bai tsaya ba. Filin ƙwallo bai taɓa yi masa tsawo haka ba. Oba-oba na dukan ƙirjinsa, ya danna yana gudu.

"Baba! Ƙofar yamma! Ƙofar yamma!"

Amsar da ta fito daga ƙirjinsa ba ta tsohon ba ce.

"Sabah," in ji na'urar, a hankali, kamar ana lallashin jariri.

Ya fizge ta ya yi jifa da ita.

A bayansa yana jin Ramatu tana gudu tana faɗuwa tana tashi, tana ihu da iyakar ƙarfinta. "Ke! Ke! Ke, tsaya!" Yarinyar ko waiwaye.

Warin ya ƙaru. Ƙasar da ke kusa da ƙofar, wadda ta bushe tun kaka, ta jiƙe sharkaf. Ƙafarsa ta fara nutsewa.

A lokacin ya gan ta.

Tana tsaye bayan ƙofar, tsakanin bagaruwa biyu. Mace ce, ta lulluɓe da mayafi irin na Ramatu sak, sai dai ruwa na ɗiga daga gefensa. Ta fi ƙofar tsawo, ta sunkuyo. Ta miƙo hannuwa biyu, dogaye, kamar mai shirin ɗaukar yaro.

Inda ya kamata a ga baki, fata ce kawai a shafe.

Lasifikar da ke samansu ita ke yi mata magana.

"Sabah. Ƙara matsowa."

Ƙafar yarinyar ɗaya ta tsallake dokin ƙofa.

Mujtaba ya yi sufa ya cafke ta ta ƙugu, suka zube tare cikin laka. Ya ja baya da gwiwar hannu. Wani abu mai sanyi ya naɗe wuyan hannun yarinyar, ya ja. Shi ma ya ja. Ya ji ƙashinta yana ƙara.

Sabah ba ta riƙe shi ba. Cizonsa ta yi a dantse har haƙoranta suka shiga, tana shure-shure.

"Sake ni, Kawu! Inna na kirana! Inna ta kira sunana!"

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, farkonta ya ɓace masa. A'uzu kawai yake maimaitawa, yawu na zuba.

Lasifikar ta yi ƙasa da murya, ta koma raɗa, ta koma muryarsa shi kansa.

"Kai ka ba ni sunan."

Hannunsa ya fara saki.

Sai ga Ramatu ta faɗo a kansu gaba ɗaya, ta rungume su duka biyu, ta kafe ƙafafu a jikin turke. Ga Baba Zaharaddini da sandarsa, yana karatu da ƙarfi muryarsa na karyewa. Ya sa kafaɗa ya turo ƙofar ƙarfen. Ta daki wani abu mai laushi, ta tsaya, sannan ta rufu. Ya tura sakata.

Abin ya saki.

Suka ji tafiya tana gangarawa cikin bagaruwa, caɓal, caɓal, ba gaggawa. Can ƙasa ruwa ya buɗe ya rufe.

Ladan ya tayar da iƙama. Babu wanda ya iya tashi.

Washegari Mujtaba ya hau turken da kansa ya kwance lasifikar. Da ya juya ta, baƙar laka ce ta zubo, da ƙananan katantanwa. Kwamiti ya toshe ƙofar yamma da bulo ya fasa wata ta kudu, aka kuma dawo da lokacin wasa baya don a tashi da sauran rana. Har yau Mujtaba na riƙe da makirufo. In yaro ya ɓace yakan faɗi kalar rigarsa da unguwarsu, ko uban yaron zai yi masa kuka ba ya faɗin suna.

Wuyan hannun Sabah ya warke, ya bar zobe fari kamar ƙuna. Tana ci, tana wasa, tana zuwa makaranta. Amma da zarar rana ta yi ja sai ta ajiye duk abin da ke hannunta, ta je ta tsaya jikin katangar yamma ta gidansu, ta manna kunne. Sai an ɗauke ta cak an kai ɗaki an kulle. Malamai sun yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadaka. Ba ta kuka kuma ba ta gardama. Jira kawai take yi.

Wata magariba Mujtaba ya shigo gidan ya tarar da mata cike da tsakar gida, har da surukar Ramatu a kan darduma. Yarinyar na tsaye a wurin da ta saba. Ya ga yayarsa ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zani, ta je ta durƙusa a bayan 'yarta. A gaban surukarta da kowa, ta cije, ta faɗa.

"Sabah."

Surukar ta sunkuyar da kai. Mujtaba ya ji hawaye sun cika masa ido, don ya san nauyin kalmar nan a bakin yayarsa.

"Sabah, ɗiyata. Ni ce. Ga ni nan."

Yarinyar ta ɗago kunnenta daga katanga. Ta juyo ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta, kallon da ake yi wa baƙuwar da ta yi ɓatan gida.

"Ba haka Inna ke hwaɗinshi ba," in ji ta.

Ta mayar da kunnenta jikin katangar.