Tsohon Adireshi a Wayar Baba

Ranar da ya fara zuwa kamfanin rarraba kaya, ko zama bai yi ba ta tare shi da tambaya. Ita ce mai shigar da odar kwastomomi a kwamfuta, manhajar kamfanin kuwa ta yi nauyin da sai ta danna, ta je ta sha ruwa ta dawo, shafi bai buɗe ba. Shi aka ɗauko ya gyara.

"Injiniya, wai me za ka yi mata ne?"

"Ma'ajiyar kusa zan sa mata. Kin ga mai shago? Abin da aka fi nema a kan kanta yake ajiye shi, ba kullum yake shiga sito ba."

"Kai za ka gina ta?"

"Akwai wadda wasu suka rubuta, kowa ita yake ɗauka. Haɗawa kawai zan yi."

"To idan na cikin sito ya canja, wa zai gaya wa na kan kanta?"

Ya yi dariya, ya ce ai da kanta take sani. Hankalinsa dai ba a kan tambayar yake ba.

Cikin sati biyu manhaja ta koma kamar walƙiya, shi kuma ya koma neman dalilin bi ta gaban teburinta. Har saƙo ya fara shiga.

"Sarauniyar tambaya, yau kin manta guda ɗaya: wa nake tunani tun safe?"

"Ba na tambayar abin da na sani, Injiniyana."

Mahaifinta shi ne babban direban kamfanin, shekara ashirin da biyu bai taɓa ɓatan kai ba. Sai ga wani kwastoma ya canja shago, ta gyara adireshinsa ran Litinin. Ran Talata Baba ya bi abin da wayarsa ta nuna masa, ya kai firiji shida ƙofar tsohon shagon, ya tarar da kwaɗo. Da yamma manaja ya duba, ga sabon adireshi ɓaro-ɓaro. Ya ce idon Baba ne ya gaji, in wata ya ƙare ya ajiye makullin mota.

A gida Baba ya ce mata, "Tun da yaron nan ya taɓa na'urar abubuwa suka rikice. Kada in ƙara ganin takalminsa a ƙofata."

Ba ta yi kuka ba. Wayar Baba ta ara, ta canja adireshin wani kwastoma na gwaji, ta zauna tana kallo. Awa ɗaya, tsohon ne. La'asar, tsohon ne. Sai washegari sabon ya fito. Ta tura wa injiniya hotuna uku, ta rubuta, "Masoyi, me ya sa?"

Ranar ya buɗe takardar bayanin ma'ajiyar da bai taɓa karantawa ba. Masu ita sun rubuta ƙarara: duk abin da ta riƙe, sai ya kwana take sakinsa, in dai ba an koya mata gogewa ba.

Ya same ta a bakin matakala, murya ƙasa-ƙasa. "Minti goma ya ishe ni in gyara. Ba wanda zai sani."

"Baba fa?"

Daga nan ya wuce ofishin manaja, ya roƙi a kira direbobi, ya nuna musu komai a kan allo. Ya ce idon Baba garau yake, shi ne ya ɗauko kayan wasu ya haɗa bai karanta ba. Manaja ya ce ya gyara, ya kuma kama gabansa.

Yana tsaye a tashar bas da jakarsa, motar kamfani ta tsaya a gabansa, Baba ne ke tuƙi.

"Shigo, ɗan nema. Wai na'ura ma tana riƙe tsohuwar magana kamar mutum?"

"Tana riƙewa, Baba."

"Ikon Allah. Yi mini bayani tun daga farko, amma a hankali."

Sau biyu suka wuce kwanar gidansu, Baba yana tuƙi yana tambaya. Da zai sauke shi ya ce, "Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure direbobi suka cika layi da motoci. Wani kawu ya raɗa wa Baba cewa ango fa har yanzu bai samu wani aikin ba.

Baba ya ce, "Aiki ana samu. Wanda zai tsaya gaban manaja ya ce ni ne, shi na daɗe ban gani ba."

Ya riƙo hannun ango da hannu biyu. "Na ba ka ita. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."