Bayan Baƙar Leda

"Cire hular nan, Garazi… don Allah ki cire ta."

Ekain ne tsaye a ƙofar gidanmu, da farin wando da jar hula irin tawa sak. Saura wata uku bikin aurenmu. Ranar San Pedro ce, waliyyin garinmu, ranar da rundunonin unguwanni ke jerin gwano da bindigogi, tun da sassafe ganguna da sarewa ke tashi daga bakin tashar masunta.

"Ba zan cire ba."

"Babana ne kyaftin ɗin rundunar unguwarmu. Kin san abin da za a ce masa a gari?"

"Nawa baban ya yi shekara talatin da ɗaya yana saɓa bindigar nan ranar San Pedro. Bai bar ɗa namiji ba, ni ya bari."

"Masoyiyata, mata ba sa saɓa bindiga a jerin gwanon nan. Guda ake zaɓa ta yi ado, ta riƙe mafici a gaban runduna. Da kin nuna kina so, da bana ke ce, ba Itsaso ba."

Itsaso… tun muna makaranta idonta ke kansa. Ita ta hango sunana cikin sabuwar rundunar da ta haɗa maza da mata, ta kai wa mahaifiyarsa Mertxe labari kafin in san yadda zan faɗa da bakina. Mertxe kuwa ta aiko da magana ɗaya: ranar da na taka titi da bindiga, in manta da ɗanta.

"Kai fa, Ekain? Me ka ce?"

Ya tsaya yana murza hularsa.

Na leƙa kicin. Mahaifiyata na gyaran kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Jeki," ta ce, "amma ni ba zan leƙo ba."

Mu aka fara saki, ƙarfe takwas, kafin tsofaffin rundunoni su fito. Ba mu kai mutum sittin ba, 'yan sanda dama da hagu. Muna shiga babban titin da ya haura coci, sai matan da suka kama wuri tun asuba suka ɗaga baƙaƙen ledoji, dogaye, suka tsaya a bayansu don kada idonsu ya gan mu. Ba fuska ko ɗaya, sai yatsu a bakin leda da takalma a ƙasa. Na gane takalmin malamar da ta koya mini karatu.

Ƙarar usur ta danne gangarmu.

"Ku koma gida ku tsiro gemu tukuna!"

Ban ga wanda ya jefo kwalbar ba. Na dai ji goshina ya ɗau zafi, gwiwoyina suka sami dutse, jini ya rufe mini ido ɗaya. Bayan leda wasu suka yi dariya.

Na kira sunan Ekain. Wallahi na kira.

Arantxa ce ta kama hannuna, tsohuwa mai ɗinkin taru da ke tafiya kusa da ni.

"Tashi, 'yata. Kada ki ba su wannan daɗin."

Na tashi. Muka kai ƙofar coci, muka harba sama kamar yadda ake yi, hayaƙi na shiga mini rauni. Daga nan aka kai ni asibiti, ɗinki biyar.

Da la'asar, gari na can kan dogayen tebura ana cin gasasshen kifi, ya shigo ɗakina. Idonsa ja, rigarsa na warin albarushi. Ya durƙusa gaban gado.

"Sannu, Garazina… yana zafi?"

"Da sauƙi."

"Na ga lokacin da kika faɗi. Ji na yi kamar ni aka jefa."

"Ka gani?"

"A gabana aka yi."

"To ina kake?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ekain, ina kake tsaye?"

"Mama ce ta ce hannunta ya gaji… in riƙe mata na ɗan lokaci."

Sai da na juya maganar sau biyu kafin ta zauna mini.

"Ka ji na kira ka?"

"Na ji."

"Ka sauke ledar?"

Hawaye kawai, suna ɗiga a bayan hannuna, ina jin ɗuminsu, ina kuma son sa kamar jiya. Wannan ne ya fi ɗinkin ciwo.

"Gobe mu je tare ki ba ta haƙuri," ya ce. "Za ta sauko, na san ta."

Na zare hannuna daga nasa.

Mahaifiyata ce tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta buɗe ƙofar sosai, ta matsa gefe.

"Ana jiran ka a teburinku, Ekain," ta ce. "Ka gaida Mertxe. Ka ce mata ba sai ta ɗinka kayan biki ba."